Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Gaisuwa gare ku makiyaya da ke mashekari, an ɗaure maruƙa, an hura wuta, rediyo na rataye a jikin sanda. Gaisuwa ga fatake da ƴan tireda, da direbobi da yaran mota masu kwana a bakin iyaka kuna jiran a buga muku takarda, daga Konni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari. Allah ya kai kaya lafiya, ya tsare dukiya.

Yau mun ɗan ajiye maganar farashin albasa da allurar shanu. Hirar tamu ta kiɗa ce, kuma da tambaya zan fara. Kai mai saurarona, yaushe rabonka da ka zauna kusa da makaɗi? Ina nufin kusa sosai, a tabarma ɗaya, har kana jin yatsansa na gogar tsirkiya, kana jin inda ya ja numfashi kafin ya ɗauki baiti. Na san wayarka cike take da waƙoƙi, wataƙila sun fi ɗari biyar a memori ɗaya. Amma wancan zaman fa, yaushe rabonka da shi?

Bari in gaya maka abin da ya sa na ɗauko maganar. A ƙarshen 2023, lokacin da iyakar Nijar da Najeriya take rufe, aka aike ni in ɗauko muryoyin direbobin da suka maƙale a wata tasha kusa da iyaka. Na iske manyan motoci a jere, wasu sun yi makonni. Kaya na lalacewa, guzuri ya ƙare, masu kaya na ta bugo waya. Duk wanda na miƙa wa makirufo sai ƙorafi, kuma da gaskiyarsa. Bayan isha'i ina neman inda zan sa haƙarƙarina, sai na ji wani sauti siriri yana fitowa daga gindin wata tirela. Na leƙa. Mutum kamar goma sha biyu ne a kan tabarma biyu, butar shayi a bisa gawayi, an jingina fitilar waya ɗaya da taya. A tsakiyarsu wani dattijo ne riƙe da gurmi.

Ba shi da ƴan amshi, ba shi da mai kalangu. Shi ne da tsirkiya biyu da muryar da shekaru suka ɗan dusashe. Yana waƙar hanya, da ta iyalin da aka bari a gida. Ya tambayi kowa garinsu tun kafin ya fara, sai ga shi yana saƙa sunayen garuruwan a cikin waƙar ɗaya bayan ɗaya. Da ya ambaci garin wani direba, ƙato guda wanda da rana ya fi kowa faɗa, sai na ga mutumin ya ja rawani ya rufe fuska. Shayi ya tafasa har ya zuba a wuta, ba wanda ya motsa. Ni kuwa na'urar ɗaukar magana tana aljihuna, wallahi ban tuna da ita ba sai da aka tashi. Da safe na nemi dattijon, aka ce ya bi amalanke ya yi ƙauye tun da asuba. Na koma da ƙorafin direbobi cike da na'ura, abin da ya fi komi daraja a tafiyar na baro shi a gindin mota.

To, irin wanga zama, wanda mu muke gani kamar ba komi ba, shi ne wasu a can Amurka suka mayar babban shiri. A 2008 wasu ma'aikata biyu na gidan rediyon NPR, Bob Boilen da Stephen Thompson, suka je wani bikin kiɗa a garin Ostin na jihar Tekzas. Sun je ne su saurari wata mawaƙiya mai suna Laura Gibson, mai sanyin murya, daga ita sai jitarta. Wurin da aka ba ta cike yake da hayaniya, mutane na ta surutunsu, su biyun ba su ji waƙar ba. Da suka fito rai a ɓace, Thompson ya ce cikin raha, ai gara ta zo ofis ta yi waƙar a teburin Bob. Wasa-wasa, bayan ƴan makonni sai ga ta a Washinton, a bayan teburin, tsakanin littattafai da faya-fayai da tarkacen ofis. Suka ɗauka a bidiyo suka sa a intanet. Shirin da ake kira Tiny Desk ke nan, wato ƙaramin tebur. Daga ranar zuwa yau an yi irin wannan zama fiye da sau dubu.

Ka ji yadda tsarin yake. Ba dandamali, ba fitilu masu launi. Ƴan kallo ma'aikatan gidan ne, su bar aikinsu su tsaya a gaban teburin. Makirufon da aka kafa na ɗaukar sauti ne, ba a tura muryar mawaƙi cikin lasifika don ta cika ɗakin. Saboda haka dole mai ganga ya sassauta hannu, mai jita ya rage, kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa, in ba haka ba a danne mai waƙa. Waƙa uku ko huɗu, minti goma sha biyar zuwa ashirin, an gama. Manyan mawaƙan da suka saba cika filin ƙwallo sun zo sun takure a wannan lungu, cikinsu har da Burna Boy na Najeriya a 2019.

Wanda labarinsa ya fi jan hankalina shi ne wani Ba'amurke da ake kira T-Pain. Shi wannan ya yi suna ne da na'urar gyaran murya, Auto-Tune, irin wadda kuke ji a waƙoƙin fina-finanmu, murya na rawa kamar ta bi ta cikin bututun ƙarfe. Har mutane suka ɗauka in ba na'ura ba ya iya komi. A 2014 ya zo teburin nan, daga shi sai mai buga masa fiyano, ya buɗe baki da muryar da Allah ya ba shi. Miliyoyin mutane suka kalla suna mamaki: ashe mutumin gwani ne. Shekara da shekaru na'urar da ta ɗaukaka shi ita ce ta rufe shi.

Ni da nake zaune gaban na'ura kullum a wannan gida, na san abin da maɓalli ke iya yi. In muryarka ta karkace, a miƙe ta. In numfashinka gajere ne, a yanka a haɗa. In kai kaɗai ne, a ninka ka ka zama mutum biyar. A tabarma kuwa babu maɓalli. Wanda ya iya, a ji. Wanda bai iya ba, shi ma a ji. Kamar saniya ce a kara: ta hoto a waya kowa na iya yabonta, amma mai saye sai ya zagaya ta, ya duba haƙori, ya taɓa tozo.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne, me ya haɗa mu. Akwai ɗan ƙasar nan da ya bi hanyar gaba ɗaya, daga tabarma zuwa manyan dandamalin duniya, ya sake dawowa tabarma. Mdou Moctar nake nufi, Ba'abzine ɗan jihar Tawa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son ya yi kiɗa. A 2008 ya tsallaka iyaka ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, da na'urar gyaran murya da gangar kwamfuta, salon da ake yayi a lokacin. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya ta Bluetooth da memori, a tashoshi da kasuwanni, a hannun irinku matafiya, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara ya ji, ya yi ta cigiya har ya same shi. Yau Mdou Moctar na cikin masu jitar lantarki da ake ji da su a duniya, kuma in ya hau dandamali ƙararsa har cikin ƙirji.

Amma dubi abin da ya faru sau biyu. Lokacin annobar korona, da tafiya ta gagara, shirin ƙaramin tebur ya koma karɓar waƙa daga gidajen mawaƙa. Nasa zaman a wani gida a Yamai aka ɗauke shi, aka nuna wa duniya a 2021. Na biyu kuma ku ƴan iyaka za ku fi kowa gane shi. A watan Yulin 2023, da aka yi sauyin mulki aka rufe hanyoyi, shi da abokan kiɗansa suna Amurka, komawa gida ta gagara. Mutum na nesa, iyali na gida, ba ka san yaushe hanya za ta buɗe ba. Me suka yi? Suka shiga ɗaki ɗaya a birnin Niyok, suka ajiye kayan ƙara, suka zauna kusa da juna da jitar katako, suka sake rera waƙoƙin da suka riga suka ɗauka da lantarki. Cikin kwana biyu suka gama, faifan ya fito a 2025. Kalmomin ba su sauya ba, amma wanda ya saurari duka biyun zai ji na farko kamar mai kuka a kasuwa, na biyu kamar mai yi wa ɗan'uwansa magana da dare. Ka ga shi da dattijon gindin tirela, hali ɗaya ya same su, kuma magani ɗaya suka nema.

Haka Tinariwen, Abzinawan Mali. Bayan sun zagaya duniya, sai suka koma hamada kusa da Janet a kudancin Aljeriya, suka kafa tanti, suka ɗauki waƙoƙi da jitar katako da tafi. Da wannan faifai suka ci kyautar Grammy a 2012. Su ma sun zauna a bayan ƙaramin teburin nan na Washinton da rawunansu.

Yanzu mu dawo gida. Abin da nake so ka lura da shi, yawancin kayan kiɗanmu na tsirkiya tun asali don ƙaramin wuri aka yi su. Ganga da kalangu da tambari na fili ne, su kira gari guda, kuma kowa ya san ranarsu. Amma gurmi, da molo, da garaya, da kukuma, sautinsu na zaure ne da gindin bishiya. Sarewar makiyayi ma ai ba don taro aka yanke ta ba, shi da garkensa ne da wanda Allah ya sa ya gifta.

Ɗauki kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa sanda da tsirkiya ɗaya tak. Abin da yaro zai iya riƙewa a tafin hannu. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka da ma'aurata, kuma har yau in aka sa shi a mota sai hira ta tsaya. Me ya sa? Don kiɗan bai danne maganar ba. Waƙar Hausa ai magana ce: habaici, da nasiha, da zambo, da tarihi. In ƙara ta rufe kalma, an ci kuɗin banza.

Ɗauki marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi a Nijar da arewacin Najeriya. A 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi wurin Buduma masunta, don ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, ya koya baki da baki, hannu da hannu. Daga baya ya kai biram har Turai, ya rasu a 2018. Da bai je ya zauna a wannan tabarma ba, da tuni biram ya bi tsohon kabari. Irin wannan ilimi ba ya shiga memori. Sai an zauna.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A ƙauyen Illighadad da ke yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta. Faifansu na farko, na 2016, a fili aka ɗauke shi a ƙauyen, ba a ɗakin na'ura ba. Gefe ɗaya jita da murya, ɗaya gefen kuwa tande: turmi aka ɗaure wa fatar akuya, da ƙwarya a kife cikin ruwa, da tafi. Ke uwargida mai saurarona, ai kin san wannan, ɗan'uwan kiɗan ƙwaryar da kuke yi ne a cikin gida ranar suna. Da turmin daka da ƙwaryar ruwa waɗannan ƴan mata suka je Turai da Amurka.

To me ke cinye wannan zama a wurinmu? Abu na farko lasifika. Yau in ana biki, mai gida ya ɗauko mai kayan sauti da injin wuta, a jera akwatuna kamar buhunan gero, a murɗa har ƙarshe. Tsofaffi su gudu ɗaki, jarirai su yi ta kuka, wanda ke kusa da kai sai ka yi masa ihu. Makaɗin garin yana gefe da gurminsa a cikin riga, ba wanda ya ce masa bismilla. In ma an ba shi makirufo, sautin ya fashe, ya zama wani abu dabam. Ba na zagin masu kayan sauti, sana'arsu ce, ni ma da lasifika nake cin abinci. Amma kowane kiɗa da wurinsa.

Na biyu waya. Ka iske samari biyar a fada, buta ɗaya, amma kowa da abin kunnensa, kowa da waƙarsa. Yaro na bin shanu, kunne a toshe, sarewar da kakansa ya bari tana rataye a bukka.

Na uku shi ya fi ciwo, kuma kun fi ni saninsa: rashin tsaro. A wurare da yawa tsakanin Maraɗi, Katsina, Zamfara da Sakkwato, hirar dare ta mutu. Wa zai hura wuta ya tara mutane a inda ake kwana da kunne ɗaya? Makaɗin da a da yake bin ruga-ruga da kasuwa-kasuwa, a ba shi nono da hatsi da ɗan abin sawa a aljihu, yanzu yana tsoron hanya. Ɗansa ya ga sana'ar ba ta ciyar da gida, ya kama kabu-kabu. Ranar da tsohon ya kwanta dama, waƙoƙinsa da sunayen kakannin da ya haddace su bi shi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. In akwai makaɗi a garinku ko a zangonku, ku kira shi. Ba sai da biki ba. Tabarma biyu, mutum goma zuwa ashirin, a zaure ko a jikin katanga, don bango na maido da sauti. In dare ba lafiya, a yi bayan la'asar a tashi kafin magariba. A kashe injin mota, a rufe bakin waya. Ku zauna kusa, ku yi shiru, in wurin amshi ya zo ku amsa, in na tafi ne ku tafa. Shirun nan da kuke yi, shi ne rabin kiɗan.

Ku sallame shi da mutunci. Ku haɗa abin da ya sawwaƙa, sefa ko naira, tun kafin a fara ko bayan an gama, ba sai an katse shi a tsakiyar baiti ana liƙi don a ga mai kuɗi ba. Kuma kada a sa shi zambon wata ƙabila ko wani gari. Daɗin irin wannan zama shi ne ka ga Bafillace da Bahaushe da Ba'abzine, manomi da makiyayi, gwiwa na gugar gwiwa. Wanda kuka sha shayi ɗaya kuka yi amshi ɗaya da shi, gobe in saniya ta shiga gona, maganar za ta fi sauƙin kashewa.

In kuna son ɗauka a waya, kada ku yi irin tawa, ku tuna tun da wuri. Amma ku nemi izninsa tukuna. In ya yarda, ku sa wayar yadda kira ba zai shigo ba, ku ajiye ta a kan wani abu mai laushi kamar kamu biyu daga gabansa, ba a hannu ana yawo da ita ba. Ku kare ta daga iska da hula ko gefen rawani, ku nisanta ta da butar shayi. Kafin ya fara, wani ya faɗi sunan makaɗin, da garin, da ranar, don wanda zai ji bayan shekara ashirin ya san mai ita. Ku tura masa nasa, ko wa ɗansa. Kuma kada a kai wa masu tura waƙa a kasuwa su yi ta sayarwa shi bai sani ba. Guminsa ne, kamar yadda buhunka yake guminka.

Abu na ƙarshe, ku zo da yara. Ku bar yaro ya zauna kusa, ya ga yadda ake ɗaure tsirkiya, yadda ake gasa fata a gefen wuta in ta saki. A cikin goma wataƙila ɗaya ya ce a ba shi ya taɓa. To, a ba shi.

Mu ma a nan gidan ba za mu tsaya ga faɗa da baki ba. Duk wanda ya ɗauki irin wannan zama da yardar mai waƙar, ya aiko mana ta hanyar da kuka saba aiko da gaisuwa, za mu sa a cikin shirin nan tare da sunan makaɗin da garinsu. Kuma in akwai wanda ya san wani dattijo mai gurmi da ya taɓa yi wa direbobi waƙa a gindin tirela lokacin rufe iyaka, a gaya masa ɗan jaridar nan da ya zauna a bakin tabarma bai ce uffan ba yana gaishe shi, kuma yana bin sa zama ɗaya.

Masu iya magana suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu ita suna nan kusa da ku, wasu a bayan gidanku. A je a same su tun suna da numfashin yi.

Nan za mu dakata. Makiyaya, Allah ya ba da ciyawa da ruwa, ya raba ku da ɓarayi. Fatake da direbobi, Allah ya buɗe hanya, ya kawo kasuwa. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Ku huta lafiya.